Amfanin Waƙar Taro

A wannan darasi za mu yi magana a kan waƙa. Ba waƙar da mutum ke ji a rediyo ko a waya yana kwance shi kaɗai muke nufi ba. Muna nufin waƙar taro, watau wadda mutane da yawa ke haɗa baki su yi tare, ɗaya yana bayarwa, saura suna amsawa.

A ƙasashen Turai akwai ƙungiyoyi musamman don wannan. Mutanen unguwa guda, da leburori da malaman makaranta da tsofaffin da suka bar aiki, sukan taru sau ɗaya a mako su yi waƙa. Ba biyansu ake yi ba. Suna yi ne don su ji sanyi a ransu, su kuma san juna. Mu nan ƙasar Gusau da Tsafe da Bunguɗu ba mu saba da ƙungiya mai littafin sunaye da magatakarda ba. Amma abin da suke nema, mu muna da shi tun kaka da kakanni, a gona da tsakar gida da dandali da zaure. Sai dai yanzu yana neman kuɓuce mana, kuma a lokacin da muka fi bukatarsa.

Mai bayarwa da masu amsawa

Ku saurari kowace waƙar Hausa ta baka, za ku ji ta kasu biyu. Akwai abin da jagora ke faɗi, yana sakewa yadda ya ga dama. Akwai kuma 'yar gajeruwar magana wadda ake komawa gare ta kullum, ba ta sakewa. Ita ce gindin waƙa, ita ake kira amshi. Masu faɗinta su ne 'yan amshi, waɗansu a nan yamma sukan ce 'yan karɓi. Wani ɗan ƙasar nan, Farfesa Sa'idu Muhammad Gusau na Jami'ar Bayero ta Kano, ya yi littattafai a kan wannan, ya rarrabe gindin waƙa da ɗiyanta, ya kuma tattara tarihin makaɗa masu yawa.

To, ku lura da wannan amshi, don shi ne kan maganarmu. Jagora sai mai fasaha, sai mai murya, sai wanda ya san mutane da asalinsu. Amma amshi na kowa ne. Baƙo ya ji shi sau ɗaya, ya ji sau biyu, a na uku sai ka ji bakinsa a ciki. Ba a tambayarsa ko ya iya karatu. Ba a tambayarsa ɗan wane ne. In muryarsa ba ta da daɗi, ta ɓace a cikin ta jama'a, ba wanda zai yi masa dariya. Ba mu san wani aikin taro da shigarsa ke da sauƙi kamar wannan ba.

Ƙasarmu ta Zamfara kuwa gidan amshi ce. Salihu Jankiɗi a Rawayya aka haife shi, cikin ƙasar Bunguɗu, ya zama Sarkin Taushin Sarkin Musulmi, ya rasu a 1973. Sa'idu Faru mutumin ƙasar Maradun ne. Musa Ɗanƙwairo, wanda ya rasu a 1991, daga ƙasar Bakura ya fito. In kun sami faifan Ɗanƙwairo ku kasa kunne da kyau. Sau da yawa shi fara magana kawai yake yi, mutanensa su cafe su ƙarasa, har su yi ƙari. A cire 'yan amshin nan, rabin waƙar ya tafi. Waɗannan dai makaɗan sarauta ne, sana'arsu ke nan. Amma uban Ɗanƙwairo makaɗin noma ne, shi ma da kiɗan noma ya fara. Ashe abin da ya kai fada daga gona ya taso.

A gona da tsakar gida

Dattawan Ruwan Bore da Mada da Wonaka sun san gayya. Mutum yana da gona ta fi ƙarfinsa, ko ciwo ya kwantar da shi ga damina ta kankama, haki yana neman cinye gero. Sai ya yi gayya. A dama fura, a tuƙa tuwo, samarin gari su fito da fartanyoyi da garemani. Makaɗin noma yana biye da su da gangarsa, yana kiran kowa da sunansa da kirarinsa, su kuwa suna amsawa. Aikin da mai gona zai yi kwana goma yana yi, sai a gama shi kafin la'asar.

Me ganga ta ƙara a nan? Ai ba ita ke noma ba. Abin da take yi shi ne ta daidaita hannuwa. Mutum ashirin su sunkuya tare, su ɗaga tare, su ja numfashi tare. Wanda ya fara gajiya sai ya ji an ambaci sunansa, ya ji kunya, ya ƙara himma. Yaron da bana ne farkon fitarsa, ran da makaɗi ya kira sunansa a gaban jama'a, ran nan ya san ya shiga sahun maza. Talaka da ɗan mai gari kunya ɗaya suke bi. In an tashi kuma ƙwarya ɗaya suke sha.

Mata ma suna da nasu, har ya fi na maza yawa. Akwai waƙar niƙa, wadda mace ke yi a kan dutse, ta faɗi abin da ke cin ranta wanda ba ta iya faɗi da magana. Akwai lugude, inda mata biyu ko uku ke daka a turmi ɗaya, taɓarya na bin taɓarya, a jefa ta sama a tafa a cafe. Akwai waƙar daɓe, ran da matan unguwa suka taru su daɓe ɗakin amarya. Akwai shantu, akwai kiɗan ƙwarya na biki da suna, irin wanda Barmani Coge ta Funtuwa ta yi suna da shi har ta rasu a 2013. 'Yan mata kuma suna da gaɗa a dandali in farin wata ya fito.

Ku dubi amarya da aka kawo daga wani gari. Ba ta san kowa ba, ga kunyar surukai, ba ta ko iya ɗaga ido. Wa zai fara yi mata magana, a kan me? Amma ran da aka yi daka a gidan, sai a miƙa mata taɓarya. Ta shiga lugude, ta kama amshi. Kafin a tankaɗe gari ta yi ƙawa.

A zaure da makaranta

Kada wani ya ce waƙar taro ta masu wasa ce kaɗai. Nana Asma'u, 'yar Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, wadda ta rayu daga 1793 zuwa 1864, ta ga matan ƙauye ba su da hanyar zuwa makaranta. Sai ta tsara waƙoƙi na koyarwa da Hausa da Fulatanci. Ta zaɓi dattijan mata masu hankali, ana ce wa kowace jaji, ta naɗa musu malfa. Su ke jagorantar mata zuwa wurinta, su hardace waƙoƙin, su koma garuruwansu su koya wa saura. Waɗannan ƙungiyoyi su ake kira 'yan taru. Mace ba ta san baƙi ko ɗaya ba, amma ta san hukuncin alwala da salla da tarihin Annabi, don ta rera su tare da 'yan'uwanta har sun zauna.

Haka kuma masu karatun Ishiriniya a watan Mauludi. Wanda ya yi ta, Alfazazi, mutumin Andalus ne, ya rasu kusan shekara 800 ke nan. Ga shi har yanzu a zaurukanmu ana jan baiti ana amsawa, da malami da tela da mahauci a tabarma ɗaya. Makafi ma ku dube su. Sukan tafi su uku ko huɗu, ɗaya na ja saura na karɓa, sau da yawa da waƙoƙin Aliyu Namangi na Zariya, wanda shi ma makaho ne. A majami'un Arewa kuma akwai Zumuntar Mata, masu ɗaura zane iri ɗaya suna waƙa da Hausa, suna buga tulu. In ɗaya daga cikinsu ta haihu, ko ta yi rashi, su ne farkon zuwa.

Abin da masana suka gano

Kakanninmu sun san waƙar taro tana da amfani, amma ba su auna ba. Masana na zamani sun auna.

A 2013 waɗansu masana a birnin Gotenbag na ƙasar Suwidin suka tara samari da 'yan mata, suka manna wa kowa na'urar da ke ƙidaya bugun zuciya, suka sa su waƙa tare. Sai suka ga zukatansu sun fara tafiya tare, suna sauri tare, suna lafawa tare. Dalilin ba boyayye ba ne. Mai waƙa yakan ja numfashi da sauri, sa'an nan ya sake shi a hankali har baiti ya ƙare. In mutum yana sakin numfashi a hankali, zuciyarsa takan rage gudu. To, da yake kowa wuri ɗaya yake jan numfashi, watau inda baiti ya tsaya, sai zukata su bi. Wannan dogon numfashi shi ne irin wanda likita ke ce wa mai firgita ya riƙa yi don hankalinsa ya kwanta.

A 2015 kuma masana na Jami'ar Oksfod a Ingila suka bi waɗansu azuzuwan manya har wata bakwai. Waɗansu azuzuwan waƙa ake koya musu, waɗansu aikin hannu ko rubutun labari. Duk baƙin juna ne da farko. A watan fari aka tambaye su yadda suke jin kusanci da 'yan ajinsu. Masu waƙa suka yi wa saura nisa ƙwarai. Da aka kai wata na bakwai sai aka tarar duk sun zo daidai. Ku fahimci wannan da kyau. Ba a ce waƙa kaɗai ke haɗa mutane ba. Kowane aikin taro yana haɗa su in an daɗe. Abin da waƙa ta fi su da shi sauri ne. Takan mai da baƙi 'yan gida tun ba su gama sanin sunan juna ba.

A Ingila har akwai ƙungiyoyin waƙa na masu ciwon huhu, don su koyi sarrafa numfashi. Akwai kuma na tsofaffi masu ciwon mantuwa. Tsoho ya manta sunan ɗansa, amma a ɗauko waƙar ƙuruciyarsa sai ka ji ya kama. Wanda ya taɓa zama da kakarsa ya san wannan ba sai Bature ya gaya masa ba.

Yadda abin ya raunana

Abu biyu suka taru a kanmu. Na fari ba laifin kowa ba ne. Injin niƙa ya zo, dutse ya koma bayan ɗaki. Siminti ya kashe daɓe. Maganin feshi da ƙwadago sun rage gayya. Biki kuma sai a ɗauko lasifika a kunna, mata su zauna suna kallo. Ba mu ce a koma niƙa da hannu ba, wanda ya ce haka bai taɓa niƙa tiya biyu ta dawa ba. Amma injin ya ɗauke wahala, ya haɗa da taron ya tafi da shi, ba a kuwa sa kome a gurbinsa ba.

Na biyu ya fi ciwo, kun kuwa san shi. Shekaru ke nan 'yan bindiga suna addabar ƙasar nan. A farkon 2019 sun faɗa wa Ruwan Bore, sun kashe mutane, sun tafi da waɗansu. Garuruwa da yawa na ƙasar Tsafe da Bunguɗu sun ga irin wannan. A watan Satumba na 2021 har hukuma ta rufe kasuwannin mako, ta yanke layin waya na wani lokaci. Wa zai bar 'yarsa ta fita gaɗa da dare? Wa zai buga ganga a gona mai nisa, ya sanar da na cikin daji inda samarin gari suke? Dandali ya yi shiru.

Mutane da yawa kuma sun bar garuruwansu sun shigo Gusau da Tsafe. Waɗansu suna raɓe a gidan dangi, waɗansu a kangaye. Abinci da magani da wurin kwana su ne bukatarsu ta fari, kada wani ya ce mun ce waƙa za ta maye gurbinsu. Waƙa ba ta cika ciki, ba ta kuwa tare harsashi. Amma akwai wani ciwo da buhun masara ba ya warkarwa. Mace tana da daraja a garinsu, ita ce uwar biki, ita ake kira in za a yi wa jariri wanka. Yau ga ta a unguwar da ba wanda ya san sunanta, sai dai a ce 'yar gudun hijira. Ba ta barci, ƙaramin motsi sai gabanta ya faɗi, ta wuni ba ta yi magana da kowa ba. Irin wannan zama shi ke karya mutum. A nan ne amshi ke da aiki.

Masu cewa a'a

Mun san akwai masu ƙin wannan magana, kuma ba duka ne ba su da hujja. Wani zai ce waƙa aikin maroƙa ne, ɗan mutunci ba ya yi. Amsarmu ita ce roƙo daban, waƙa daban. Maroƙi yana yi don a ba shi. Wanda ya amsa a gayya, ko wadda ta yi lugude, me aka ba su? Wani kuma zai ce malamai sun hana. Gaskiya ne malamai sun yi magana a kan kiɗa, sun kuwa saɓa wa juna a kan waɗansu irinsa. Amma abin da aka fi kuka da shi shi ne batsa, da cakuɗuwar maza da mata, da shagala har lokacin salla ya wuce. Taron mata a cikin gida da rana, ko na maza a zaure, ba ya bukatar ko ɗaya daga cikin waɗannan. In kuna shakka ku je wurin limaminku ku gaya masa abin da za ku rera, ku ji ta bakinsa.

Hujjar da muka fi ɗauka da nauyi ita ce ta habaici. Waƙa wuƙa ce, tana yanka nama tana yanka mutum. Kishiya ta sha soke kishiya da ita. 'Yan siyasa sun sha ɓata juna da ita tun zamanin NEPU da NPC. A yanzu da zukata suka yi zafi tsakanin Bahaushe da Bafillace, mutanen da da can suke cin kasuwa ɗaya suna zuwa sunan juna, waƙa guda ta zambo tana iya ɓata abin da dattawa suka yi shekara suna gyarawa. Taron da ya fara zagin wata ƙabila ko wani gari ya bar abin da muke magana a kai, gara a watse.

Akwai kuma maganar lafiya. Mai waƙa yana fitar da numfashi da ƙarfi, in yana da cuta mai bin iska sai ya raba wa na kusa. A watan Maris na 2020, a jihar Washinton ta Amurka, mutum 61 suka taru koyon waƙa a ɗaki guda, ɗaya yana ɗauke da cutar korona. Fiye da 50 suka kamu, biyu suka rasu. Mu ma nan ba mu manta da sanƙarau ta 2017 ba, ga tarin fuka kuma. Saboda haka a yi a tsakar gida ko a inuwar itace, kada a cunkushe a ɗaki a rufe taga. Mai tari ya zauna gida, ya je asibiti.

In kuna so ku fara

Ba a bukatar kuɗi. Ba a bukatar lasifika, don lasifika murya ɗaya take ɗagawa ta danne saura. Mutum takwas ko goma sun isa. Ku sanar da mai unguwa tukuna, don a zamanin nan taro ba da saninsa ba yakan jawo zargi. Ku sa rana guda a mako, kada ku riƙa sake ta. Wanda ke cikin damuwa, sanin cewa ran Laraba akwai inda ake jiransa shi kansa magani ne.

In kun sami abin yi da hannu ya fi, kamar ɓarar gyaɗa, ko surfe, ko saƙar faifai da tabarma. Mutanenmu ba su saba zama haka kawai su buɗe baki ba, kunya takan hana. Amma in hannu yana aiki, baki yakan saki da kansa.

Sa'an nan ga abin da muka fi so ku riƙe. Kada jagora ya zama mutum ɗaya kullum. A riƙa zagayawa. In akwai baƙuwa, kada a tsaya ga koya mata waƙar unguwa. Bayan ta zo sau biyu ko uku, a ce, “Inna, ku a garinku yaya kuke yin ta daka?” Da fari za ta ce ta manta. A ƙyale ta. Wani mako a sake tambaya. Ran da ta bayar, matan gari suka amsa mata, ran nan ta tashi daga mai karɓar sadaka ta koma mai koyarwa. Mai yiwuwa ta yi kuka a tsakiyar waƙar, don za ta tuna gida da waɗanda babu. Kada a tsayar da ita, kada kuma a yi ta ba ta baki. A ci gaba da amshi a hankali har ta dawo.

Wanda ya iya rubutu a cikinku ya sami littafi ya riƙa rubuta waƙoƙin, da boko ko da ajami. Ya sa sunan garin da kowace ta fito, ko Wanke, ko Magami, ko Kwatarkwashi, ko 'Yankuzo. Waɗansu ƙauyukan yanzu ba kowa a cikinsu, waƙoƙinsu suna bakin tsofaffi biyu ko uku kaɗai. Ya rubuta yadda tsohuwa ta faɗa da harshenta na Zamfara, kada ya gyara mata zuwa Hausar Kano.

Lokaci kuwa, a fara bayan la'asar, a tashi da sauran rana, yadda wanda ya fito daga nesa zai kai gida kafin magariba.